Baturiyar ofishinmu ta ce kawuna “riot” ne: yabo ne ko zagi?

Yayar Amarya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu Turanci ku warware mini wani abu kafin in yi abin da zan dawo ina da-na-sani. Ranar Asabar aka ɗaura auren ƙanwata. Na gayyaci abokan aikina walima, har da wata Baturiya 'yar Ingila da muke ofis ɗaya. To muna da wani kawu, ƙanin mahaifiyarmu, wanda ba ya iya ganin makirfo ya kau da kai. Minti 2 aka ba shi ya yi wa amarya nasiha. Sai da ya kwashe kusan rabin awa yana ba da labarin ranar da ya fara zuwa zance a kan keken aro, kaca ta cije masa ƙafar wando daidai ƙofar gidan surukai, ya gaisa da uban yarinya a tsaye da keke manne a jikinsa, ya kasa durƙusawa. Rabi da Hausa, rabi da irin Turancin mutanen da. Mata har da masu goge kwalli da bakin gyale.

Jiya da safe sai ga saƙonta a waya: “Your uncle is an absolute riot. We were in hysterics all the way home.”

Ni a iya sanina riot tarzoma ce, irin wadda ake sa dokar hana fita a kanta. Hysterics kuma na san ana faɗinsa ga wanda ya fita hayyacinsa. Tana nufin kawu ya hargitsa taro ya ɗaga musu hankali ne? Sau 3 ina rubuta amsa ina gogewa.

Ɗan Kwari:
Ta ci shinkafarmu, ta sha zoɓonmu, ta tafi da kayan rabo, sannan ta ce kawu ɗan tarzoma ne? Hajiya turo mana lambarta 😂

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ajiye wayar nan tukuna, kada ki biye wa Ɗan Kwari. Yabo ne, kuma ba ƙarami ba. Idan Bature ya ce mutum a riot ne, yana nufin mutumin nan gwanin ban dariya ne, in yana wuri ba mai iya riƙe bakinsa. In hysterics kuma shi ne dariya ta ci ƙarfinsu. Da Hausa ta rubuto miki, cewa za ta yi: kawunki ya kashe mu da dariya, har muka isa gida cikinmu a ƙulle yake. Kin ga mu ma in mun ce “ya kashe mu” ba wanda ke kiran 'yan sanda.

Abin lura shi ne ginin jimlar. He is a riot, yabo. He is a rioter, wannan ɗan tarzoma ne na gaske. He started a riot, shi ya kunna wutar. Haruffa biyu ne tsakanin kawu da ofishin 'yan sanda.

Yayar Amarya:
Innalillahi. Malam, da ka ga abin da na fara rubuta mata da farko. Allah ya rufa asiri ban tura ba.

Tsohon Hedimasta:
Na yarda da fassarar Malam, amma ban yarda a ce wa yara wannan Turanci ne da za su ɗauka ba. Maganar bakin titi ce. Shekara 35 na yi ina riƙe da alli, ban taɓa barin yaro ya rubuta mini mutum riot ne ba. Akwai kalmomi masu tsabta: hilarious, uproarious, comical. Me ya kai mutum kiran dattijo da sunan tarzoma?

Kuma kalmar nan ba ta wasa ba ce ko a ƙasarsu. A 1715 majalisar Birtaniya ta yi doka mai suna Riot Act. In mutum 12 ko fiye suka taru suna ta da hankali, sai mai hukunci ya fito ya karanta musu sanarwa da sunan sarki cewa su watse. Wanda ya ƙara awa guda a wurin bayan an karanta, laifinsa na iya kai shi ga rataya. Daga nan suka samo maganar da suke yi har yau, to read someone the riot act, wato a ja wa mutum kunne na ƙarshe. Kalmar da ke da irin wannan tarihi ce za a yi wa kawun mutane kirari da ita?

Malamin Turanci:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Tarihin nan haka yake, ba gyara. Amma Baba, da izininka, kalmar da ka kawo a matsayin mai tsabta ita ma 'yar gidan tarzoma ce. Uproarious daga uproar take. Uproar kuwa Ingilishi sun aro ta ne a ƙarni na 16 daga oproer ta mutanen Holan, ma'anarta bore, tawaye. Ba ta da dangantaka da roar, rurin zaki, tun asali. Kunnen Ingilishi ne ya ji kamar roar, sai suka rubuta ta haka, ma'anar ta karkata ta koma hayaniya. Daga baya aka ce wa dariyar da ta cika ɗaki uproarious laughter, har aka wayi gari ana ce wa wasan da ya jawo dariyar shi ma uproarious.

Wato hanyar da riot ta bi ta iso ban dariya, ita uproar ta riga ta bi. Bambancin kawai ɗaya ta daɗe da isowa har ta sa babbar riga.

Ni abin da na lura da shi ke nan a wannan fanni: in abu ya kai maƙura wajen ban dariya, Bature ba ya neman kalma mai daɗi. Gidan hayaniya yake shiga, ko gidan hauka, ko gidan ciwo. A riot, a scream, hysterical, side-splitting, in stitches. Ihu, fita hayyaci, tsagewar haƙarƙari. A cikin manyan, hilarious ce 'yar lumana, don ita daga Latin da Girkanci take, ma'anarta ta asali mai fara'a. Sunan nan Hilary ma tushensu ɗaya.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana, babbar rigar ita ce magana ai. Wanda ya sa riga da wanda ya zo da singileti ba wuri ɗaya ake zaunar da su ba, ko da kakansu ɗaya.

Malamin Turanci:
Wannan kam gaskiya ne Baba. A takardar jarrabawa ni ma ba zan so in ga a riot ba. Amma baiwar Allah nan ba jarrabawa take rubutawa ba, saƙon waya ta aika wa ƙawarta.

Ɗalibar Aji Shida:
Malam don Allah, to in aka kawo uproarious a tambayoyin zaɓi, aka sa noisy a A, aka sa very funny a C, wanne zan ɗauka? Irin wannan ne ke kayar da mu.

Malamin Turanci:
Ki dubi abin da ta jingina da shi. Uproarious crowd, taro ne mai hayaniya. Uproarious comedy, wasa ne mai ban dariya ƙwarai. Uproarious laughter ta haɗa biyun. Ba za su ba ki kalmar tsirara ba, a cikin jimla za ta zo, jimlar za ki karanta sau biyu.

Tunda kin tambaya, bari in ba ki wadda ta fi wannan haɗari. Bara wani ɗalibina, yaro mai ladabi wallahi, ya rubuto mini katin godiya a ƙarshen zango. Ya yi masa ado da jan biro da shuɗi, ya zana fure a kusurwa. A ciki ya ce: “Sir, your lessons are always laughable and ridiculous.” Yana tsaye yana murmushi yana jiran in yaba. Na rasa ta inda zan fara. Shi a zuciyarsa yana nufin darasina akwai raha. Abin da ya rubuta kuwa, darasina shirme ne abin a yi wa dariya.

Nan ne ramin yake. Funny, amusing, hilarious, ana dariya tare da kai. Laughable, ridiculous, ludicrous, kai ake yi wa dariya. Duk suna da alaƙa da dariya, ridiculous ma daga kalmar Latin ta dariya take, amma ɗaya ban dariya ce ɗaya abin dariya. Mu ma ai mun san tazarar da ke tsakanin “Malam akwai ban dariya” da “Malam ya zama abin dariya”. Katin yana nan a aljihun teburina, na kasa yar da shi.

Ɗan Kwari:
Malam, ka tabbata yaron kuskure ya yi?

Malamin Turanci:
Alhaji, zan zo kasuwa mu yi maganar bashin shaddar nan a gaban jama'a.

Sista Mai Aikin Dare:
Ku tsaya in sa baki a kan hysterics, don wannan a gonarmu take. Hajiya ba ta yi kuskure ba da gabanta ya faɗi. Kalmar daga hystera take, wato mahaifa a Girkanci, shi ya sa aikin cire mahaifa muke ce masa hysterectomy. Likitocin Turai na da sun ɗauka cewa mahaifa ce ke sa mace ta riƙa firgita tana ihu tana faɗuwa, sai suka sa wa ciwon suna hysteria. Ɗaruruwan shekaru ana liƙa wa mata wannan suna, har wadda ciwonta daban ne, har wadda baƙin ciki ne kawai ya yi mata yawa. Yanzu an daina amfani da shi a matsayin sunan ciwo.

Don haka a yi hattara da ita. The film was hysterical, fim ɗin ya ba da dariya. Amma the woman was hysterical, ba cewa aka yi matar na da barkwanci ba. Ta ruɗe ne, tana kuka tana kururuwa ba ta jin rarrashi, irin yadda muke gani in an shigo da yaro cikin dare jiki ya yi tsanani. Kuma in kuna gardama da mace Baturiya ka ce mata you are being hysterical, ka taro wa kanka faɗa, don ji za ta yi ka ce mata mahaukaciya saboda ita mace ce.

Yayar Amarya:
Anti Sista na gode. Ashe ba banza jikina ya ba ni ba.

Badamagare:
Gaisuwa daga Damagaram. Mu da muka yi lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci muna karanta ku muna jin daɗi, don rabin kalmomin nan mun san danginsu. Hilarious a wurinmu hilarant. Cacophony kuma cacophonie, harafin ƙarshe kawai aka taɓa. Brouhaha ma da kuke gani a jaridun Najeriya tamu ce, Ingilishi aro suka yi ba su mayar ba. Sai dai a Faransanci hayaniyar taro ce kawai, irin ta kasuwa ko aji kafin malam ya shigo. A Ingilishi na ga sun fi amfani da ita ga ce-ce-ku-ce a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Inda ku kuke rubuta LOL, yaranmu MDR suke rubutawa, mort de rire, wato na mutu da dariya. Kun ga Malam ya yi gaskiya, har Bafaranshe sai da ya je maƙabarta neman kalma.

Ɗan Kwari:
Mu a nan LWKMD muke da shi, laugh wan kill me die. Kisa ɗaya bai isa ba sai an haɗa da mutuwa.

Tsohon Hedimasta:
Wannan dai ba Turanci ba ne, kada a ruɗa yarinyar nan mai jarrabawa.

Ɗalibar Aji Shida:
Baba ai LOL tana cikin ƙamus yanzu.

Malamin Turanci:
Tana ciki Baba, sai haƙuri. Babban ƙamus na Oxford ya shigar da ita a 2011. A 2015 kuma kamfanin ƙamus ɗin ya zaɓi wannan 'yar fuskar mai dariya da hawaye a matsayin kalmar shekara, ko harafi ɗaya babu a jikinta. A 2020 suka shigar da kalmomin Turancin Najeriya, har da okada da danfo da Kannywood. Amma ƙanwata, shiga ƙamus ba shi ne izinin shiga takardar WAEC ba. Ƙamus rajista ce ta abin da mutane ke faɗa, har ashar akwai a ciki.

Mai Gyaran Labari:
Kun daɗe a ɓangaren dariya, ku zo ɓangaren hayaniya ku ga inda ake ɓarna. Aikina gyara rubutun 'yan rahoto kafin ya fita. Wallahi in na sake ganin pandemonium broke out zan iya ajiye aiki. Akuya ta shiga kasuwa, pandemonium. Taya ta fashe a tasha, pandemonium. An yi musayar yawu a majalisa, rowdy session, kullum rowdy session, kamar ba wata kalma a duniya. Ranar da abin tashin hankali na gaske ya faru, sai ka tarar ɗan rahoto ya riga ya ƙarar da manyan kalmominsa a kan akuya.

Ga yadda nake gaya musu. In mutane da yawa na magana lokaci guda ba faɗa, hubbub ne, kamar gidan biki kafin a kawo abinci. In ƙara ce mai ci gaba da ke hana ka jin na kusa da kai, din ne, kamar layin masu injin markaɗe. In ƙarar ta dame ka har kana jin haushin mai yin ta, racket ce, wato janareton maƙwabci ƙarfe 2 na dare. In sautuka ne da ba su jitu ba, ham na mota da lasifikar mai maganin gargajiya da ta mai sayar da waƙoƙi duk a mahaɗa ɗaya, cacophony ke nan, Girkanci ne, mummunan sauti. In jama'a na ɗaga murya suna neman wani abu, clamour. Commotion kuma ɗan yamutsi ne da ke sa a waiwaya a ce me ya faru. Pandemonium sai kowa ya ruɗe, ana gudu ana tattake juna, ba mai jin wani.

Tsohon Hedimasta:
Yawwa, yanzu na ji magana. Ka san ko daga ina ta fito? John Milton ne ya ƙirƙire ta a dogon waƙensa Paradise Lost, wanda ya fito a 1667. Ya riga ya makance a lokacin, faɗa yake yi ana rubuta masa. Pandemonium shi ne sunan da ya sa wa babban birnin shaiɗanu a cikin wuta, pan duka, sauran kuma aljanu. Matattarar dukkan shaiɗanu. Mun karanta wani yanki nasa a kwalejin horon malamai, muna haddacewa ba don mun gane duka ba. To a ce akuya ta shiga kasuwa an kira fadar Iblis?

Bedlam ma haka. Wani asibiti ne a Landan, Bethlem, an kafa shi a 1247 a matsayin gidan ibada da sunan Baitalami, daga baya ya koma wurin ajiye masu taɓin hankali. Bakin mutanen gari ya tauna sunan ya koma bedlam. Har zuwa 1770 mutane na shiga kallon marasa lafiyan nan kamar masu zuwa gidan namun daji. Asibitin yana nan har yau yana aiki, a wani wurin daban. Ni tun da na san wannan na rage faɗin kalmar.

Sista Mai Aikin Dare:
Allah ya saka da alheri Baba. Abin da ke damuna ke nan da irin waɗannan kalmomi, a bayan raha akwai wanda aka yi wa dariya yana cikin ciwo.

Ɗan Kwari:
Ni duk Turancin hayaniya da na sani guda ɗaya ne, kuma da bulala na koye shi: noisemakers. Malam zai fita, ya ce monita rubuta names of noisemakers. Monitanmu wani siririn yaro ne mai tsagaggen littafi, yana zaune yana kallon bakin kowa kamar mage a bakin rami. Ka yi tari, ya rubuta. Ka ce me na yi, ya sa maka ×2. Ka rantse, ×3. In ka rantse da Hausa kuma ga laifin vernacular ya hau kai. Ranar da na ba shi rabin ƙosaina sunana ya ɓace daga takarda, a nan na fara koyon kasuwanci.

Mazaunin Manchesta:
Alhaji ka tuna mini. Ka san a nan in ka ce noisemaker, ba yaro mai surutu za su fahimta ba? Wani abin busawa ne ko kaɗawa da ake yin ƙara da shi a wurin biki ko kallon ƙwallo. Yaro mai surutu a aji chatterbox suke cewa, ko su ce he's chatty. Na taɓa gaya wa malamar ɗana cewa ni ma noisemaker ne ina yaro, ta dube ni kamar na ce ni vuvuzela ne.

Gaskiyar magana, shekarun da na yi a nan ban taɓa jin wani ya ce uproarious da bakinsa ba. A jarida kawai nake ganinta, ko a jikin tallan wasan kwaikwayo. Abin da ake faɗa a wurin aiki shi ne hilarious, he cracks me up, she's a hoot, I was in stitches, I was crying. Hilarious ma ta sha jiki har ta fara laushi, abin da bai kai ya kawo ba sai ka ji an ce hilarious fuska ba ko murmushi.

Wanda ya fi wahalar da ni shi ne gatsensu. In ka yi wa Bature wasa ya dube ka ya ce very funny, murya a kwance, to bai ji daɗi ba, ka tattara. Daidai yake da Bahaushe ya ce maka “sannu da ƙoƙari” bayan ka fasa masa tulu. Ita kanta funny fuska biyu gare ta. Matata ta kai wa maƙwabciyarmu miyar kuka, washegari 'yar matar, yarinya ƙarama, ta ce it tastes funny. Matata ta shigo tana murna wai miya ta ba su nishaɗi. Sai da na zaunar da ita. Tastes funny, ɗanɗanon wani iri. I feel funny, jikina ba daidai ba. Funny business, wata maƙarƙashiya. Su kansu in abin ya rikice musu sukan tambaya: funny ha-ha ko funny peculiar?

Yayar Amarya:
Wayyo miyar kuka 😂 Yaya ka gaishe mana da ita, ka ce muna tare.

Ɗalibar Aji Shida:
Malam, noisome fa? Na gan ta a wani tsohon littafin tambayoyi, na zaɓi noisy, aka ce na faɗi.

Malamin Turanci:
Tarko ne, da gangan suke sa ta. Noisome ba ta da haɗi da noise ko kaɗan, 'yar'uwar annoy ce. Ma'anarta abu mai ɗoyi, mai tayar da zuciya. Kwata ce noisome, ba tasha ba. Ko da yake wasu tashoshin sun haɗa biyun.

Ƙara waɗannan a littafinki. Boisterous, yara masu ƙiriniya da ihun wasa, ba zagi ba ne sosai. Rowdy ta fi ta nauyi, akwai rashin ɗa'a a ciki, an kusa ba hammata iska. Raucous, murya mai kaushi da ƙarfi, tushenta kalmar Latin ce ta disasshiyar murya, ki tuna dariyar majalisar mai shayi da tsakar dare. Stentorian kuma muryar mutum ɗaya ce mai cika fili. Daga Stentor take, wani mai shela a waƙen Girkawa na da, Iliad, wanda aka ce muryarsa ta kai ta mutum 50.

Ɗan Kwari:
Mutum 50 kawai? A kawo shi tashar mota ya gamu da 'yan kamasho.

Bakatsine Mai Kishin Harshe:
Ina ta karatu ina jiran wani ya faɗi gaskiya, ba wanda ya faɗa. Duk wannan wahala ta mene ce? Bature sai ya je Girka, ya je Holan, ya je asibitin mahaukata kafin ya samo kalmar dariya. Mu fa? Murmushi, yaƙe, ƙyalƙyalawa, tuntsirewa, sheƙewa, kecewa, bushewa, babbaka dariya, dariyar ƙeta. Hayaniya kuma ga surutu, kwakwazo, hargowa, hayagaga, karaɗi, kururuwa, shewa, sowa, guɗa, rugugi. A fassara mini guɗa da kalmar Ingilishi in ana iyawa. Harshenmu ya fi nasu wadata nesa ba kusa ba, mun tsaya muna haddace na wasu.

Malamin Turanci:
Ululation suke cewa.

Bakatsine Mai Kishin Harshe:
Wannan kalmar littafi ce, wace Baturiya ce ta taɓa rangaɗa ta a gidan biki?

Mai Gyaran Labari:
Malam Bakatsine, a nan kam ka ci rabi ka bar rabi. Gaskiya ne guɗa a wurinmu abu ne mai rai, a wurinsu bayani ne. Amma lissafin wa ya fi wa ba ya ƙarewa. In ka jero goma, su ma za su jero maka giggle, chuckle, snigger, cackle, guffaw, titter, chortle. Kuma aro ba talauci ba ne, in ba haka ba sai mu mayar wa Larabawa raha da nishaɗi da fara'a mu ga abin da ya rage mana na walwala.

Inda na ga Hausa ta yi fice da gaske shi ne aikatau da amsa-kama. Mu ba mu cika siffanta abin da ya ba da dariya ba, yadda mai dariyar ya yi muke nunawa: ya tuntsire, ta sheƙe, suka kwashe, aka bushe. Ji yadda Yayar Amarya ta ba da labarin kawu, ba ta ce labarin hilarious ne ba, ta ce mata na goge kwalli da bakin gyale. Shi ya sa mai fassara daga Ingilishi yake maƙalewa, duk kalmominsu biyar sai ya mayar da su “mai ban dariya ƙwarai”, alhali da ya saki siffar ya kama aikatau da ya huta.

Bakatsine Mai Kishin Harshe:
To ai maganata ka maimaita da dogon Turanci.

Mai Gyaran Labari:
Ban ce mun fi su ba, cewa na yi ba ƙofa ɗaya muke shiga ba.

Bakatsine Mai Kishin Harshe:
Ƙofarmu ta fi faɗi.

Shugaban Zaure:
Jama'a a sassauta. Maganar wane harshe ya fi wani mun yi ta watan jiya har mutum biyu suka fita daga zaure. Wanda ke son ta ya buɗe nasa zaren.

Tsohon Hedimasta:
Kafin a rufe, ni dai ina nan a kan bakana. 'Yata Yayar Amarya, ki amsa mata da mutunci, amma kada ki ce wa kawunki riot a gabansa. Ki ce masa baƙuwa ta yaba da barkwancinsa, ya wadatar.

Mazaunin Manchesta:
Ki rubuta mata kawai: “Haha, he really is. So glad you came.” Kada ki tsawaita, kada ki ba da haƙuri a kan kawu, in kin ba da haƙuri ita ce za ta shiga damuwa tana tunanin me ta faɗa.

Yayar Amarya:
Na dawo da rahoto. Na tura mata yadda Yaya na Manchesta ya ce. Ko minti 5 ba a yi ba ta amso, wai mijinta tun ranar yake kwaikwayon yadda kawu ya gaisa da suruki da keke a ƙafa, kuma tana tambaya ko akwai bidiyon.

Baba Hedimasta ka yafe ni, ban bi shawararka ba, na kira kawu na karanta masa saƙon yadda yake, na fassara masa da bayanin Malam. Ya yi shiru, sai ya ce in maimaita kalmar. Na maimaita. Ya ce shi tun daga aji 1 har ya gama firamare kullum sunansa ne na farko a takardar noisemakers, sai yanzu da furfura aka yi masa ƙarin girma. Wai in gaya mata ba ta ji komai ba, labarin keken kashi uku ne, na ɗaya kawai ya bayar. In Allah ya kawo rabo ta zo ranar suna.

Ɗan Kwari:
A sa ni a jerin masu gayyata. Zan zo da kujerata.

Sista Mai Aikin Dare:
Hajiya bidiyon fa? Ba Baturiya kaɗai ke so ba.